Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Kyamarar Ɗaukar Hoto

Kafin mutum ya tambayi farashin kowace kyamara, ya kamata ya fara tantance abin da zai riƙa ɗauka da ita. Mai son ɗaukar hotunan biki da suna a cikin ɗaki mai ƙarancin haske yana da buƙata daban da ta wanda zai tsaya daga nesa yana ɗaukar mahaya dawaki a hawan sallah, haka kuma dukansu sun bambanta da mai shirya bidiyo don ɗorawa a YouTube. Idan aka warware wannan, rabin wahalar zaɓi ta kau.

Tarkon da sababbin shiga suka fi faɗawa shi ne yawan megafiksel (megafiksel ɗaya shi ne ɗigo miliyan ɗaya a cikin hoto), domin ita ce lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wanda za a iya buga shi a takarda mai tsawon kusan santimita 50 ba tare da ya dusashe ba, alhali bidiyon 4K da ake ta yabawa bai wuce megafiksel 8 da 'yan kai ba. Abin da ya fi tasiri shi ne girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Cikakkiyar sensa tana da milimita 36 da 24, matsakaiciya da ake kira APS-C tana da kusan milimita 23 da 15, ta wayar hannu kuwa ba ta kai ko kusa da su ba, shi ya sa hoton waya yake yin dishi-dishi da dare. A ganina APS-C ta wadatar da mai koyo, domin ta fi araha kuma ta fi sauƙin ɗauka.

Daga nan sai zaɓi tsakanin kyamara mai madubi, wadda aka sani da DSLR, da marar madubi. Masu madubi irin su Nikon D3500 da Canon EOS 2000D, waɗanda suka fito a 2018, batirinsu yana jimawa, musamman D3500 da ke iya ɗaukar hoto sama da 1,500 a caji ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Marasa madubi irin su Sony a6000 ta 2014 da Canon EOS R50 ta 2023 sun fi ƙanƙanta, suna kuma nuna yadda hoton zai fito tun kafin a danna, sai dai suna shan batir da sauri. Tun daga 2018 Canon da Nikon suka karkata zuwa marasa madubi da sabon tsarin haɗa gilashi da jikin kyamara, wato RF na Canon da Z na Nikon, saboda haka a can ne sababbin kayayyaki suke fitowa, su kuma tsofaffin suka yi araha a kasuwar kayan hannu.

Inda nake so mai karatu ya fi nutsuwa shi ne batun gilashin gaba. Kuskure ne babba a zuba duk kuɗin a gangar jikin kyamara a bar gilashi, domin ta cikinsa haske yake shiga, kuma yakan daɗe yana aiki bayan an sauya jikin sau biyu ko uku. Yawancin kyamarori suna zuwa da gilashi mai milimita 18 zuwa 55 (girman lambar shi ke nuna yadda yake jawo abin nesa kusa), wanda ya isa koyon aiki da rana. Amma gilashi mai milimita 50 da f/1.8 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske, ƙaramar lamba babbar ƙofa ce), duk da arahar sa, yana shigar da haske fiye da ninki takwas na wanda wancan ke shigarwa idan an zuƙo shi ƙarshe, kuma shi ne yake fito da fuska tas, bayanta ya yi laushi. Mai ɗaukar dawaki ko ƙwallo kuwa yana buƙatar wanda ya kai milimita 200 ko 300. A tuna cewa gilashin Canon ba ya shiga jikin Nikon kai tsaye, don haka zaɓen kamfani zaɓe ne na shekaru.

Wanda zai sayi ta hannu ya nemi sanin adadin hotunan da aka ɗauka da ita, domin ƙyauren ciki da ke buɗewa ya rufe a kowace dannawa an ƙera shi ne, a ƙananan kyamarori, don ya yi kusan sau 100,000. Ya ɗauki hoton farin bango a f/16 ya duba ko akwai tabo, ya haska fitila cikin gilashi don ganin karce ko fumfuna, sannan ya gwada kowane maɓalli a gaban mai sayarwa.

A ware wani abu daga kasafin don batir na biyu, da katin memori mai sauri daga amintaccen shago saboda jabu sun yi yawa, da jaka mai rufuwa sosai. A lokacin hunturu kada a cire gilashi a fili, domin ƙurar da ta sauka a kan sensa za ta riƙa fitowa a kowane hoto har sai an kai wa masani ya goge ta.