Yadda ake ba laftof intanet ta hanyar kwamfutar tebur

Kafin a taɓa komai, a tabbatar kwamfutar tebur tana da ƙofofin sadarwa guda biyu: ɗaya da intanet ke shigowa ta cikinta, ko Wi-Fi ko modem na USB, ɗaya kuma ramin Ethernet (inda ake soka kebul ɗin sadarwa) da babu komai a ciki. Idan ramin ɗaya ne tal kuma wayar rauta (na'urar da ke raba intanet) ta riga ta cinye shi, sai an nemo adafta ta USB zuwa Ethernet. Ba tare da ƙofa ta biyu ba, duk saitin da za a yi aikin banza ne.

Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 mai kan RJ45 ya wadatar, muddin bai wuce mita 100 ba. A da sai an samo kebul na musamman mai wayoyi a harɗe kafin kwamfutoci biyu su yi magana kai tsaye, amma katunan sadarwa na gigabit na yanzu suna daidaita wannan da kansu. A soka kebul ɗin a ɓangarorin biyu har a ji ƙaras, sannan a duba ko 'yar fitilar bakin ramin ta kama.

A kan kwamfutar tebur, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna Enter don jerin katunan sadarwa ya buɗe. Nan ne mutane suka fi yin kuskure: katin da ke KAWO intanet za ka danna wa dama, ba wanda ke zuwa laftof ba. Shiga Properties, sannan Sharing, ka sa alama a akwatin farko, ka zaɓi Ethernet a jerin da ke ƙasa idan ya bayyana. Windows zai ba wa ramin lambar IP, wato adireshinsa a sadarwa, 192.168.137.1, ya kuma fara raba lambobi da kansa. A laftof kuwa, bar IPv4, wato saitin lambar IP na katin Ethernet, ya karɓi lamba kai tsaye, ka kashe Wi-Fi ɗinsa don ka san ta kebul ɗin yake sha.

Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, a laftof ka rubuta ipconfig. Lamba mai farawa da 192.168.137 alama ce komai ya zauna. Idan ka ga 169.254, laftof ya nemi lamba bai samu mai ba shi ba. Gwada ipconfig /renew, in ya ƙi, cire alamar Sharing ka mayar. Wannan dabarar ce kuma ke maganin matsalar da ke yawan tasowa a Windows 10, inda rabon ke tsayawa bayan an sake kunna kwamfuta. Idan ka rubuta ping 192.168.137.1 a cmd yana amsawa amma shafuka ba sa buɗewa, zargi DNS (mai fassara sunan shafi zuwa lamba) ko katangar tsaro ta riga-kafin bairos, sa 8.8.8.8 a gurbin DNS a saitin IPv4 na laftof ka gani.

Akwai hanyar Bridge Connections, wadda ke sa laftof ya karɓi lamba daga rauta. Tana da kyau tsakanin ramukan Ethernet biyu, amma a kan Wi-Fi tana yawan ba da ciwon kai, don haka ba ma ba da shawararta a nan.

Kwamfutar tebur na yin barci, intanet ɗin laftof ya yanke. A shiga saitin wuta a mayar da lokacin barci zuwa Never, a kuma hana Windows kashe katin sadarwa don tsimin wuta a Device Manager.