Yadda ake fenta kayan roba na ƙaramar tirelar zango su zo launi ɗaya da jikinta

A Amurka da Kanada da Turai, ƙaramar tirelar da ake ɗaura wa mota a tafi kwana a daji tana da jiki na faiba ko na alminiyam, amma abubuwan da ke manne da jikin yawanci roba ne: madigadin taya, murfin tagar iska ta rufi, ƙofar wurin jona wuta da ruwa, ragar iskar firij, da marufan kusurwa. Ko dai su zo baƙaƙe tun daga kamfani, ko su zo farare rana ta mayar da su rawaya. Fenta su abu ne mai yiwuwa, kuma aikin kusan ɗaya yake da na bambar mota. Abin da ke sa fenti ya ɓare bayan wata biyu kuwa, yawanci rashin sanin irin robar ne da kuma lafta fenti da kauri.

Ka kwance kayan daga jikin tirelar tukuna. Fenta su a inda suke yana barin gefe ba fenti, ta nan ruwa zai shiga ya fara ɗaga shi. Juya bayan kowanne ka nemi haruffan da aka buga masu nuna irin robar. Idan ka ga ABS, ka huta, wannan roba tana karɓar fenti ba gardama, kuma da ita ake yin madigadi da yawa. Idan ka ga PP ko PE ko TPO, to saman robar mai santsi ne irin na kakin zuma, fenti ba ya kama shi sai da maganin kama fenti. Inda babu rubutu, yanko ɗan ƙanƙanin yanki daga wurin da ba ya nunawa ka jefa cikin kofin ruwa. PP da PE sun fi ruwa rashin nauyi, za su taso sama. ABS zai nutse. Gwajin yakan ruɗe in an gauraya robar da hoda, don haka in kana kokwanto ka ɗauke ta a matsayin mai wuya.

Akwai waɗanda ba a fentawa sam. Baƙar robar da ke toshe bakin ƙofa da taga tana matsewa tana buɗewa kullum, fenti zai farfashe a kanta. Siririyar robar nan mai laushi da ake cusawa cikin layin alminiyam don rufe kusoshi ana sayar da ita da mita a launi iri-iri, sauya ta ya fi arha. Irin wannan roba tana ɗauke da mai da ke sa ta laushi, man yana tasowa ya shiga fentin mai na gama-gari, sai ka tarar bayan mako guda har yanzu yana danƙo yana kama ƙura. In dole ne a fenta roba mai laushi haka, sai da fentin da aka yi domin ta, irin SEM Color Coat.

Batun launi yana da tarko. Tirelolin faiba irin su Boler, da aka fara ƙerawa a Winnipeg a 1968, ko Scamp ta jihar Minnesota, fatarsu tana koɗewa ta yi gari-gari. Idan aka auna launi a kan wannan garin, ranar da aka goge tirelar kayan za su fita daban. Ka wanke wuri kamar faɗin tafin hannu, ka goge shi da man folish har ya yi sheƙi, a nan za a ɗauki launi. Ya fi kyau ka cire wata ƙaramar ƙofa mai launin jikin ka kai wa masu haɗa fentin mota, su auna da na'ura su zuba maka a gwangwanin feshi. Fari ma ba ɗaya ba ne: a tsarin lambobin RAL na Turai, 9010 yana da ɗan ruwan madara, 9016 kuma ya fi shi haske. Fesa gwaji a kan kati, har da kiliya, wato shafin nan garai da ake ɗorawa a kan fenti, in za ka sa, ka bari ya bushe, sannan ka kara shi da jikin tirelar a waje, a rana da kuma a inuwa. Hasken kwan lantarki yana yaudarar ido.

Wanki shi ne rabin aikin. Sabuwar roba tana fitowa da man da aka shafa wa mazubi don kada ta manne, tsohuwa kuma ta sha man ƙyalli mai silikon. Wanke da ruwan zafi da sabulun wanke kwanuka, ciki da waje, sau biyu. Masu gyaran jikin mota sukan gasa sabuwar roba a zafin digiri 60 a ma'aunin Celsius na kamar rabin awa don man ya tsattsafo, su sake wankewa. Shanya ta a rana mai ƙarfi yana kusan yin wannan aikin. Daga nan ka goge da soson Scotch-Brite mai ruwan toka, ko sanfefa mai lamba 600 zuwa 800 da ruwa, har ƙyallin ya mutu ko'ina, musamman lunguna da gefuna. Kada ka sauko kan sanfefa mai kaushi a kan PP, tana tayar da gashi-gashi da ke fitowa ta cikin fenti. Share da sifirit na isofurofil da tsumma mai tsabta, hannu ya riƙa tafiya gefe ɗaya. Tina da asiton suna narkar da ABS, kada su kusance shi. Ka zuba ruwa ka gani: in ya shimfiɗu bai ɗaya, wurin ya tsabtata, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran mai, koma wanki. Idan ya bushe sarai, kada hannu ya sake taɓa shi ba safa.

Ga PP da PE da TPO, sai maganin kama fenti, irin na Bulldog da SEM. Ruwa ne garai, ana fesa shi siriri sau ɗaya ko biyu, a bar minti 5 zuwa 10 tsakani. Mutane sukan ɗauka yawansa ne ƙarfinsa, alhali in ya yi kauri shi da kansa ke zama sashen da zai ɓare. Yana kuma da wa'adi da aka rubuta a jikin gwangwani. In ya wuce ba ka ɗora fenti ba, sai an sake. PE ta fi kowacce taurin kai, ko da magani ba a cika samun riƙo mai ƙarfi ba.

Faraima, wato shafin ƙasa da ake fara sawa kafin fenti, ba dole ba ce sai in akwai ƙarzuwa da za a cike, kuma ta zama ta roba mai lanƙwasa. Mai amfani da bindigar feshi da fenti mai hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri, zai zuba sinadarin laushi a faraima da kiliya, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Iya laushin robar, iya yawan da take buƙata, kuma yana jinkirta bushewa. Fenti mai hadina yana da guba ga huhu, takunkumin ƙura ba ya tare ta, sai abin rufe fuska mai kawo tsabtatacciyar iska ta tiyo da wuri mai iska.

Fesa a inuwa, zafi tsakanin digiri 18 da 27, ba a ranar da iska ke da laima sosai ba. Girgiza gwangwani minti 2 cikakku, riƙe shi nesa da santimita 20 zuwa 25, ka fara feshin kafin hannu ya iso kan kayan, ka saki bayan ya wuce. Shafin farko ya zama ɗan yayyafi da ake hango robar ta cikinsa, sannan biyu ko uku matsakaita, minti 10 tsakani. Fara da gefuna. Idan ƙananan ramuka zagayayyu suka buɗe, silikon ne ya rage, ƙara fenti ba zai rufe su ba, sai a bari ya bushe a goge a sake. Idan ya yi yamutse, an ɗora sabon shafi a kan wanda ya fara ƙanƙamewa amma bai gama ba. Idan ya fito da gari-gari, hannu ya yi nisa ko zafi ya yi yawa. A yi hattara da mayar da farar roba baƙa, don baƙi yana zuƙar zafi, siririn murfin rufi yana iya lanƙwashewa. Ragar firij da ta wurin tukunyar gas kuma kada fenti ya toshe ramukansu.

Ka fenta wani guntun roba iri ɗaya tare da kayan. Bayan kwana 3, tsaga layuka 6 a tsaye da 6 a kwance da reza, tazarar milimita 2, manna salatif mai ƙarfi ka fizge. In ƙananan murabba'an suka biyo salatif, matsalar tana wurin wanki ko magani. Lanƙwasa guntun kuma ka duba ko ya tsage. In ya tsallake duka biyun, bar kayan su cika mako kafin a mayar. Sa sabon tef na butil, wato tef mai danƙo da ke hana ruwa shiga, a ƙarƙashinsu maimakon silikon, ka ɗaure kusoshi da hannu daidai inda suka zauna, don matsewa da yawa tana fasa fenti kewaye da rami. Wanki da injin ruwa mai ƙarfi da shafa folish su jira wata guda.