Darasi na 9: Renon ɗakin sarauniyar zuma a injin ƙyanƙyasa

To 'yan aji, a darasin baya mun ga ɗakin sarauniya, dogon nan mai kama da kwanson gyaɗa da yake rataye bakinsa na kallon ƙasa. Yau kuma yadda za mu raine shi ne a cikin inji, ba cikin amya ba, bayan ƙudan sun toshe bakinsa da kaki.

Daga ƙwai zuwa fitowar sarauniya kwana 16 ne, ana toshe ɗakin wajen kwana na 8. Amma fa ƙudanmu na Afirka akwai gaggawa, takan fito da kwana ɗaya ko biyu kafin nan, don haka ku rubuta ranar da aka yi ƙwan a jikin akwati, kar a ce ai zan tuna.

Cikin amya, inda 'ya'ya suke, zafi ba ya barin digiri 34 zuwa 35, shi za mu kwaikwaya. Nan ne masu kiwon kaji suke tafka kuskure, mutum ya ɗauko injinsa da yake kan 37.5 ya jera ɗakuna ya rufe yana murna, alhali dafa su yake yi. Sai an rage. Ka saita injin tun jiya, ka sa ma'aunin zafi na biyu daidai inda ɗakunan za su zauna, don lambar jikin injin ba kullum take faɗin gaskiya ba. In kuma sanyi ya buge sarauniyar za ta makara, wata ma ta fito da fukafukai a murɗe, ita kuwa a sama ake mata barbara, wadda ba ta tashi ba ta da rana.

Danshi kuma ya tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Ɗan murfin roba da ruwa da soso a ciki ya isa. Da hunturu a leƙa kullum, ruwan ba ya daɗewa, da damina kuwa a rage kar fumfuna ta kama.

Ɗakin ya zauna a rataye yadda ka same shi, ban da girgizawa, ban da barinsa a rana ko na minti biyu. In NEPA sun ɗauke kar a riƙa buɗewa, gorunan ruwa biyu da suka kwana a ciki za su riƙe ɗumi na ɗan lokaci, in abin ya yi nisa a mayar da su amya mai ƙarfi.

Kowane ɗaki a sa masa ɗan kejinsa da ɗigon zuma. Wallahi kishiyoyi ma albarka, wadda ta riga fita sai ta bi sauran ta huda su ta gefe ta harbe.

Aikin gida: idan an yi ƙwai ranar 3 ga wata, wace rana za ka fara dubawa? Rubuta a littafinka.