Babi na 6: Tsara Zagayen Raba Kaya a Yamai

Darasi na 1: Gida uku

'Yan'uwa, ku buɗe sabon shafi. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida uku. A gidan farko za ku rubuta sunan wuri, na biyu mintocin tafiya, na uku mintocin tsayawa. Ko layinku ya karkace ba komai, hannu zai saba. Ku tuna awa ɗaya minti 60 ce, ba 100 ba.

Darasi na 2: Gida na uku

Nan ne kowa ke tuntuɓe. Tsayawa ita ce daga kashe mota ko babur har sake tayar da shi. Ka isa ƙofar shago, Alhaji ya tafi masallaci, yaronsa ba shi da makulli. Ya dawo, ku gaisa, ya ƙirga katan ɗaya bayan ɗaya, sannan a tura neman canjin jika goma. Duk wannan lokaci ne, kuma gida na uku zai shiga.

Ga misali. Ka yi lodi a kasuwar Katako, ka tashi ƙarfe 8. Bukoki: tafiya 15, tsayawa 20. Yantala: tafiya 20, tsayawa 30. Harobanda: tafiya 25, tsayawa 20. Tafiya ta kama minti 60, tsayawa 70. Kun gani? Tsayawar ta fi tafiyar. Jimla 130, wato awa 2 da minti 10, za ka gama 10:10. Wanda ya manta gida na uku zai yi wa mai kaya alkawarin ƙarfe 9.

Yanzu kowa ya ɗora yatsa kan gida na uku. Akwai lamba? Madalla. In babu, a rubuta. In ba ka tabbata ko 20 ce ko 30 ba, rubuta babbar. Sake dubawa: kowane suna yana da lambarsa a gida na uku?

Haba jama'a, makon jiya ma na karɓi littattafai, da yawa gidan nan fayau yake, wasu kuma sun cika shi da 5, 5, 5. Wane Alhaji ne ya taɓa sallamarku cikin minti 5? Magidanta ne ku, ba sai na bi ku da bulala ba. Ku goge, ku sake.

Darasi na 3: Ƙetare kogi

Gadar Kennedy tun 1970 take, ba ta da faɗi, safe da yamma cunkoso ne. Ku rubuta lamba biyu ga Harobanda, ta ranar sa'a da ta ranar cikas, ku yi alkawari da ta biyun. Ran Juma'a ku gama kafin salla. A watan Agusta ruwa kan datse hanyoyin unguwanni, ku ƙara lokaci.

Darasi na 4: Jerin lodi

Kayan da za a sauke ƙarshe su ake fara lodawa. Ku tsara zagayen gobe a gida, ku kawo ran Litinin.