Kurakuran da aka fi yi a tiyatar ƙullutun babban yatsan ƙafa

Yawancin masu fama da ƙullutun nan da ke fitowa a gindin babban yatsan ƙafa sun ɗauka ƙari ne ya tsiro, a yanke a jefar, shi ke nan. Daga wannan tunani kusan duk sauran kurakuran suke tasowa. Alhali ƙashi ne ya goce. Dogon ƙashin da ke bayan babban yatsa ya karkata gefe, yatsan kuma ya kwanta kan na kusa da shi, sai kan ƙashin ya turo fata. Aikin likita shi ne ya yanka ƙashin, ya miƙar da shi, ya ɗaure da ƙananan kusoshi ko ɗan ƙarfe. Idan gocewar ta yi tsanani, wani lokaci sai an haɗe ƙasusuwan wata gaɓa a tsakiyar ƙafar ta daina motsi. Karaya ce aka yi da gangan, kuma jinyar karaya take buƙata.

Akwai masu neman a yi musu aiki don kawai ƙafar ba ta yi musu kyau ba. Ban ga dalilin taɓa ƙashin da ba ya ciwo ba, domin tiyata kan bar tabo, ko sandarewar gaɓa, ko wani wuri da fata ta daina ji. A fara da takalmi mai faɗin baki, da ɗan matashi mai laushi a kan ƙullutun, da maganin rage raɗaɗi. Sai ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yana hana tafiya, sannan a yi maganar wuƙa. Wasu kuma sun dogara da robar da ake sawa tsakanin yatsu ko abin ɗaure yatsa da dare, suna jiran ƙashi ya koma. Waɗannan kayan suna sauƙaƙa ciwo, amma ba sa miƙar da ƙashin da ya riga ya goce.

Kafin aiki, kada a ɓoye wa likita komai. Taba sigari tana jinkirta haɗuwar ƙashi, ciwon suga da bai daidaita ba yana sa rauni ya ƙi warkewa ko ya yi ruwa, maganin tsinka jini kuma sai an san yadda za a yi da shi tun kafin ranar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayan an koma gida. Makonni 2 na farko na kwanciya ne, ƙafa a kan matasai har ta fi ƙirji tsayi, ba a sauke ta sai don larura. Mutum zai ji sauƙi a rana ta huɗu ko ta biyar, ya tashi ya kama hidimar gida, kafin yamma ƙafar ta haye tana zugi, bandeji ya matse, yatsu sun yi suntum. Sauri ya haifi nawa. Shi bandejin ma ba rufe rauni kaɗai yake yi ba, yana riƙe yatsan a inda likita ya saita shi. Kada a kwance shi, kada ya jiƙe. In za a yi wanka a sa ƙafar cikin leda a ɗaure bakin.

Wajen mako 2 ake cire ɗinki, kuma nan ne mutane da yawa ke cewa sun warke. Fata ce ta haɗe. Ƙashi yana buƙatar mako 6 ko fiye, shi ya sa ake ba da takalmi na musamman mai taurin ƙasa, wasu har da sandunan dogarawa. Yawan nauyin da za a ɗora wa ƙafar ya danganta da irin aikin da aka yi, don haka kada a kwaikwayi wani da aka ce ya taka tun ranar farko. Hoton ƙashi ne zai nuna ko ya haɗe. Tuƙi ma, musamman in ƙafar dama ce, sai mutum ya iya taka birki da ƙarfi ba tare da ya ji tsoro ba.

Akwai kuma masu tsoron motsa yatsan bayan likita ya ba da izini. Gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare, tafiya ta zama ɗingishi. A riƙa lanƙwasa yatsan sama da ƙasa a hankali, yadda aka nuna, kullum.

Kumburi kan kai wata 3 zuwa 6, wani lokaci har shekara, ya sauka da safe ya dawo da yamma. Wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ce. Abin da ke ɓata aiki shi ne cusa ƙafar cikin takalmi mai tsini ko mai tsukakken baki, domin ƙullutun yana iya dawowa.

Wasu alamun kuma ba a kwana da su: zazzaɓi, mugunya ko wari daga raunin, ja da ke yaɗuwa, yatsa ya yi sanyi ko ya sauya launi. Ciwo da kumburi a sha-raɓa na iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma idan numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, a nufi asibiti nan take.