Yadda ake haɗa dosiyen neman aiki ba a dawo maka da shi ba

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi a Garwa, nan Kamaru, don haka duk lokacin da aka fitar da sanarwar kwankur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati ko babbar makaranta, ko wani kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata, a gabana ake haɗa dosiye. A gabana kuma ake dawowa da shi, fuska a murtuke. Yawancin waɗanda ake dawo wa da nasu ba ilimi suka rasa ba. Wani da digirinsa na jami'ar Ngaundere, wani na Marwa, amma takardunsa ba sa magana da murya ɗaya.

Ba zan tsaya kan CV ba, kowa ya san shafi ɗaya ya isa.

Kafin ka kashe ko dala, share tabarma ka shimfiɗa takardunka duka: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta irin su CEP, BEPC, Probatoire, Bak, da abin da ya biyo baya. Ka ɗora yatsa a kan sunanka, ka bi shi harafi harafi, takarda bayan takarda. Sannan ranar haihuwa, sannan garin da aka haife ka, sannan sunan mahaifi da na mahaifiya. Kada ka karanta da ido kawai, ido yana ganin abin da ya saba gani. Ka ba ƙaninka ɗan firamare ya karanta maka da ƙarfi, shi ba ya tsallake komai.

Dalili kuwa, sunayenmu da kunne aka rubuta su. Baba ya je ya ce Usman, magatakarda ya rubuta Ousmanou, malamin makaranta ya rubuta Oussoumanou. Hadiza ta zama Hadidja a nan, Adidja a can. A gida duk mutum ɗaya ne, amma a teburin mai karɓar dosiye mutum biyu ne, kuma ba zai saurari rantsuwarka ba.

Ni kaina nan ta ci ni. Takardar haihuwata ta ce Aboubakar, BEPC ɗina ya ce Aboubakary. Harafi ɗaya tak. Shekara da shekaru ina riƙe da su ban taɓa lura ba, sai ranar ƙarshe ta ajiye dosiye, bayan na sha layi tun asuba. Matar da ke karɓa ta zana layi da fensir a ƙarƙashin wannan y ɗin, ta turo mini ambulan ɗina ba ta ko ɗago kai ba. Na ce, "Hajiya, wallahi ni ne." Ta ce, "Na yarda kai ne, ɗana, takarda ce ba ta yarda ba." Shekara guda ta tafi, da kuɗin tambur, wato kan sarkin gwamnati da ake manna wa takardu, da na ranta wurin kawuna.

In bambancin na rubutun suna ne, akwai takardar da ake kira certificat d'individualité, wadda ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Fara tambaya a ofishin sufurefe, ka nemo ta tun yanzu ka ajiye. In kuwa kuskuren a jikin takardar haihuwa yake, ko ranar haihuwa ce ta sha bamban, wannan sai kotu, kuma kotu ba ta san kana sauri ba. Wanda ba shi da takardar haihuwa sam, shi ma ta kotu zai bi a yi masa jugement supplétif, hukuncin da zai sa a yi masa takardar haihuwa. Ba aikin mako guda ba ne. Abin da ba na son ji shi ne a ce wani ya kankare da reza ya gyara da biro. Wannan ya tashi daga kuskure ya koma jabu, kuma ɗauri ake yi a kansa.

Sai an gama wannan ake maganar tambur. Tun 2023 tambur ɗin sefa 1,500 ne, jaka ɗaya da rabi, ba jaka ɗaya kamar da ba, kuma kusan kowace takarda da za a sa wa hannu tana cin nata. Ƙirga su daga sanarwar kafin ka fita, ka ƙara ɗaya don tsautsayi. Ka saya a ofishin haraji ko baitulmali, ba hannun yaron da ya tare ka a bakin ƙofa ba. Ni dokata ita ce, mai neman aiki ya ware jaka 20 a gefe da sunan dosiye, ko a Orange Money ko a MoMo, ba ta shayi ba ce, ba ta kati ba ce. Sanarwa ba ta sallama in za ta zo.

Kofin diploma da attestation de présentation de l'original, wato shaidar cewa ka nuna ta asali, gwamna ko furefe ko sufurefe ke sa musu hannu, kuma sai ka je da ta asali sun gani. Su gani, ka dawo da abarka. Ta asali ba ta kwana a ofishin kowa.

Kaziye, wato casier judiciaire mai lamba 3, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa ɗaure ka, shi ne na ƙarshe. Yawancin sanarwa na son wanda bai wuce wata 3 ba, amma kullum sai na ga yara sun fara da shi don ɗoki, kafin sauran takardu su haɗu ya mutu. A kotun yankin da aka haife ka ake ciro shi, ba inda kake zaune ba. In a Kuseri aka haife ka kana Garwa, sa kuɗin mota a lissafi, ko ka tanadi ɗan'uwa mai amana a can. Wanda aka haifa a wajen Kamaru, nasa a ma'aikatar shari'a yake a Yawunde.

Sauran ba wuya. In sun ce wasiƙar neman aiki da hannu, rubuta da hannunka, kada ka kawo mini in buga, ko da yake asarata ce. Yi fotokofin dosiyen gaba ɗaya ka ajiye a gida. Kai shi kwana 5 kafin a rufe, kuma kada ka bar wurin sai da rasit a hannu. Duk wanda ya kira ka ya ce yana da mutum a sama, ka tura jaka 200 a ajiye maka gurbi, kashe wayar.

Kana jira, je ofishin FNE, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki, ka yi rajista, suna da reshe a Garwa da Marwa da Ngaundere. In kamfani ya kira ka, sani cewa tun 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 ne, na ɓangaren noma 45,000. Ka tambaye su ko za su sa ka a CNPS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, kafin ka sa hannu, ba bayan albashin farko ba.