Darasi na 6: Cire Tabo daga Kayan Bagadi

A yawancin majami'unmu, 'yan Zumuntar Mata ne ke wanke kayan bagadi. Wani wuri matar katikis ce, wani wuri kuma ana yin karɓa-karɓa kowane mako. Wannan darasi domin ke ne, ranar da layi ya zo kanki.

Kayan ba su da yawa. Akwai babban farin mayafin da ake shimfiɗa wa bagadi ko teburin Jibin Ubangiji. Akwai ƙaramin ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake ɗora ƙoƙo da faranti a kansa. Akwai ƙyallen goge ƙoƙo, sai ɗan tawul na goge hannu. Na asali da lilin ake yin su. Lilin zare ne da ake samu daga karan wata shuka, yana shan ruwa da kyau, yana kuma daɗewa idan an bi shi a hankali. Da yawa daga cikin namu na yanzu auduga ce, ko auduga da aka haɗa da zaren roba. Ki tambaya ki san wanne ne a hannunki, domin mai zaren roba ba ya jure zafi.

Ruwan farko

Idan ke 'yar Katolika ce, akwai abin da za ki yi kafin sabulu ya taɓa kayan. Ƙyallen goge ƙoƙo da wanda ake ɗora ƙoƙo a kansa sun taɓa Jiki da Jinin Almasihu. Saboda haka a kwano na musamman ake fara ɗauraye su, da hannu, da ruwa zalla. Ruwan nan ba a zubar da shi a kwata ko a makewayi. Ana zuba shi a magudanar da aka keɓe a cikin coci, ko a ƙasa mai tsabta inda ba a takawa, kamar gindin fure. Ƙa'idar da Vatican ta fitar a 2004 ta ambaci wannan. Bayan haka sai a yi wanki irin na kullum. A sauran ɗariku, ki tambayi fasto ko dattawa yadda suke so a yi.

Tabon ruwan inabi

Shi ne za ki fi haɗuwa da shi, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Halinsa ɗaya da na zoborodo a farar riga: yana da sauƙin fita ran da ya zuba, yana da taurin kai idan ya kwana uku. Kada a dunƙule kayan a jefa cikin kwali a ce sai Asabar. A jiƙa su ranar Lahadin nan, da an tashi daga sujada.

Ki sa ƙyallen a ruwan sanyi. Ki bar shi kamar minti 30, ki zubar, ki sake wani ruwan. Kada ki fara goga sabulun sanda a kan tabon, kada kuma ki kusanto da kanwa. Za ki ga jan ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, kuma daga nan fitarsa ta ƙara wuya.

Idan da saura, ga dabarar iyayenmu. Ki shimfiɗa wurin tabon a bakin kwano, ki ja shi ya yi tsam kamar fatar ganga, ki ɗaure da igiya. Ki barbaɗa gishiri. Sai ki ɗauko tafasasshen ruwa a buta ki riƙa tsiyayowa daga sama, kamar tsayin kamu ɗaya. Zafin da ƙarfin zubar su ne ke tura launin ya fita ta ƙasa. Ki kori yara daga wurin kafin ki fara. Wannan dabara ta farin lilin ce da farar auduga kawai.

Tsohon tabon da ya ƙi, sai ki je kemis ki nemi haidurojin, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, wanda aka rubuta 3% a kwalbarsa. Ki ɗiga kaɗan, ki jira minti 10, ki ɗauraye sosai. Amma yawancin ƙananan ƙyallayen nan suna da ɗan gicciye da aka ɗinka da jan zare. Ki fara gwadawa a bakin zaren tukuna, ki ga ko zai zuba.

Maganar bilic

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: "Malama, ai bilic ya fi sauri." Gaskiya ne, ya fi sauri. Yana kuma cin zaren. A majami'armu an taɓa jiƙa mayafin bikin Ista a bilic ya kwana. Da safe ya yi fari fat, kowa na yabawa. Wanki biyu bayan nan, ana ɗaga shi daga bokiti ya yage kamar takarda. Mayafin da mata suka yi wata huɗu suna tara kuɗinsa ke nan. Bilic yana kuma sa lilin ya yi rawaya a hankali. Wani abu mai muhimmanci: kada ki taɓa haɗa bilic da lemun tsami ko wani maganin wanki, domin iskar da ke tashi guba ce.

Kakin kyandir

Kada ki goge shi yana ɗanye, zai ƙara shiga ne. Ki bari ya daskare. In akwai ƙanƙara, ki ɗora masa ya yi tauri. Ki kankare da bayan cokali. Abin da ya rage, ki sa farar takarda marar rubutu a sama da ƙasa, ki bi da dutsen guga mai ɗumi. Takardar za ta shanye kakin. Ki riƙa sauya ta har ta daina yin maiƙo. Ban da jarida, tawadarta za ta hau ƙyallen. Inuwar maiƙon da ta saura, sabulun ruwa na wanke-wanke da ruwan ɗumi sun ishe ta.

Janbaki da mai

Janbaki yana zuwa ne daga bakin ƙoƙo, mai kuma daga shafewa ko daga fitila. Duka biyun maiƙo ne. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a kan busasshen ƙyalle, ki murza da kan yatsa a hankali, ki jira kaɗan, ki ɗauraye da ruwan ɗumi. Jini kuwa, in wata ta soki yatsa wajen gyaran fure, ruwan sanyi kaɗai.

Tsatsa da fumfuna

Tsatsa tana fitowa daga fil, daga ƙusa, daga wayar shanya, wani lokaci ma daga ruwan rijiyar burtsatse mai ja. Ki matse lemun tsami a wurin, ki sa gishiri, ki shanya a rana. Idan ya bushe ki ɗauraye, ki maimaita in da buƙata. Bilic ba ya cire tsatsa, ƙara kama ta yake yi. Baƙaƙen ɗigon fumfuna da ke fitowa da damina ma haka za ki bi da su, sai dai ba kullum suke fita duka ba. Kada a ninke kaya da sauran danshi.

Shanya da guga

Ba a murɗa lilin. Ki naɗe shi cikin tawul ki danna. Ki shanya a rana a kan igiya mai tsabta, ki kwashe da wuri a lokacin hunturu kafin ƙura ta sauka. Ki duba da kyau kafin guga, don zafi yana gasa tabon da bai gama fita ba. Ki goge da ɗan danshinsa. Wurin da ke da ɗinkin ado, ki kife shi a kan tawul ki goge ta baya. Mai amfani da dutsen gawayi ta shimfiɗa wani farin ƙyalle a sama saboda toka. Kada ki sa wa ƙyallen goge ƙoƙo sitaci, zai daina shan ruwa, kuma sitaci yana jawo kyankyasai. Ƙyallen da ake ɗora ƙoƙo a kansa ana ninke shi uku ta tsaye, uku ta kwance, ya ba da gida tara, fuskarsa na ciki.

Aikin aji

1. Ki karanta da ƙarfi, sannan ki rubuta: bagadi, ƙyalle, tabo, tsatsa, gishiri.
2. Ina ake zuba ruwan farko?
3. Me ya sa ba a yin guga kafin tabo ya fita?
4. Mako mai zuwa kowacce ta zo da tsohon farin tsumma da lemun tsami ɗaya. Ni zan kawo zoborodo da kyandir.